Ranar da Hansai Ta Ja Kunnen Malam a Gidan Taliya

"Lafiya lau, in ban da ganinka da ya ɓata min safiya. Ya gajiyar zaman kashe wando?"

"Gajiya tana wajen masu yawon kasuwa. Hansai, kin san tun yaushe nake tsaye a cikin yayyafin nan?"

"Ka ji min bawa da ƙarfin hali. Yaushe aka fara yanka wa uwargijiya lokaci?"

A bakin tashar Whitechapel ake wannan gaisuwa, in har za a kira ta gaisuwa, da hantsin wata Asabar. Hansai 'yar kawun Zulkiflu ce, wan mahaifiyarsa, shi kuwa ɗan mace, don haka tun suna wasan ƙasa a Gwale ta laƙaba masa sunan bawa. Ga shi har furfura ta fara leƙowa a gemunsa bai taɓa amsa sunan ba, ita ma ba ta taɓa fasa kira ba. Da Allah ya sake haɗa su a Landan, ita tana aikin jinya, shi ya zo ƙaro karatu ya maƙale, sai suka ɗora daga inda suka tsaya.

Yau shi ke da buƙata a wajenta, abin da ya fi tsana a duniya ke nan. Akwai wani gidan abinci na Musulmin ƙasar Sin a wani lungu bayan kasuwa, inda ake jan taliya da hannu. Mai gidan, Madam Lan, ta ɗauke shi ya riƙa koya wa masu girkinta uku Turanci duk Asabar kafin a buɗe. Makonni sun shuɗe Malam yana zuba, ɗalibai suna gyaɗa kai suna rubutu, amma babu wanda ya taɓa ɗaga murya ya furta ko kalma ɗaya. Ladabi ne ya yi musu yawa, a ganinsu yin kuskure a gaban malami ya fi yin shiru muni. Madam ta gaji, ta ce yau za ta zauna ta ji da kunnenta, in ba su buɗe baki ba, to sai wata rana. Zulkiflu ya san inda wata ranar take. Sito ne, wajen ɗaukar kwalaye, inda ya samo ciwon bayan da har yanzu sai ya dafa bango yake tashi daga sujada. Tsoro yake ji, ba na wasa ba.

Darasin yau kalma ɗaya ce tak, *pull*, wato ja. Ya zaɓe ta ne saboda ita ce sana'arsu, ya kuma nemi aron jakar cefanen Hansai mai taya don ya nuna musu a aikace. Sai ga jakar ta iso ciki ɗam, kan doya yana leƙe ta sama.

"Ba ce miki na yi ki kawo ta *empty* ba?"

"*Empty*? In taso tun daga Thamesmead, bas da jirgi, in zo ina jan iska kamar wadda ta taɓu?"

"Mene ne a ciki haka?"

"Doya, shinkafa, manja, busasshen kifi. Abincin masu gida. Kada yawunka ya ɗiga a kai."

"To ba ni, awa guda in dawo miki da ita."

"*Trolley* ɗina ba ta shiga gidan baƙi ba muharrami. Inda za ta, nan za ni."

"Hansai, aji ne fa, ba gidan suna ba."

"Ai shi ya sa na ɗaura ɗankwalin fita kunya. Ja mu je. Kuma ka ja da ladabi, mutane suna kallo, kada su ce ban iya tarbiyya ba."

Ya duba hagu, ya duba dama, ko akwai wani ɗan Kano da zai kai labari gida. Babu. Ya kama hannun jakar, ita kuwa ta wuce gaba tana taku ɗai-ɗai tsakanin rumfunan masu kayan lambu, har da ɗaga wa wani mai sayar da kuɓewa hannu.

"Wai me za ka koya musu da sai an wahalar min da taya?"

"Kalma ɗaya ce. *Pull*."

Ta tsaya cak, har wata mata ta kusa yin karo da ita.

"Kalma ɗaya? Gwaggo ta sayar da tumakinta, aka kai ka makaranta tun daga Gwale har birnin Landan, ka fito da kalma ɗaya?"

"Jahilci ne ke damunki. Kalmar tana da 'ya'ya da jikoki. In ƙofa ce, ki jawo ta. In ɗan sanda ya ce wa direba *pull over*, ya raɓa gefen titi ya tsaya ke nan. In an yi magana da mutum ya zame jiki, ya yi *pull out*. In mara lafiya ya tsallake rijiya da baya, ya yi *pull through*."

"Wannan ta ƙarshen tamu ce, mu muke faɗinta a *ward*. Kada ka sake ka taɓa ta ba izini."

"In jama'a suka haɗa ƙarfi kuma..."

"Dakata. Duk wannan ne abin alfaharin? Ai namu jan ya fi nasu zuriya. Liman ya ja salla, tsoho ya ja carbi, budurwa ta ja aji, malalaci ya ja ƙafa, kai kuma ka ja wa dangi magana."

"Ke kuma kin ja aji har sai da samarin Gwale suka ƙare, aka lallaɓo wani bawan Allah daga Daura wanda bai san halinki ba."

"Mijina likita ne."

"Shi ya sa ya iya zama da ke. Ya saba da masu jinya."

"Allah ya shirye ka. A gida fa an ce a jami'a kake koyarwa."

"Ban ce ba."

"Ba ka ce ba, amma da aka faɗa ba ka musa ba. Bari in yi wa Gwaggo *video call* ta ga jami'ar, da hayaƙinta da tukwanenta."

Wannan ta taɓa shi, sai ya ƙara sauri. Suka karya kwana suka shiga lungun, ƙamshin romon naman sa ya tare su. A bakin ƙofa ya tsaya, ya gyara zaman hularsa, ya sassauta murya.

"Don girman Allah, Hansai, in mun shiga kada ki ce uffan. Mutanen nan suna girmama malami. In na shigo miƙewa suke yi tsaye. Da hannu biyu suke miƙo min shayi."

"Kai? Kai da ka yi fitsarin kwance har aji uku?"

"Ƙarya kike yi."

"Tabarmar Gwaggo tana nan da taswirar, in an je gida a duba."

"Na roƙe ki. In na rasa aikin nan, sito zan koma."

"To, na ji. Zan zauna kamar amarya."

Abin da ya faɗa kuwa gaskiya ne. Suna shiga mutum uku suka miƙe tsaye, da farin gaban-riga da fararen huluna, suka ɗan rusuna. Babbansu, Baba Ma, dattijo ne mai siririn gemu, wanda Zulkiflu ya fara sani a sahun sallar Juma'a. Shi ya kawo shayi da hannu biyu. Madam Lan tana can kusurwa, waya a gabanta, fuskar nan babu yabo babu fallasa. Aka ba Hansai kujera, ta harɗe tana ƙare wa wurin kallo.

Malam ya fara. Ya je ƙofa ya jawo ta, ya faɗi kalmar. Suka gyaɗa kai. Ya jawo kujera, ya faɗa. Suka rubuta. Ya kama jakar ya zagaya tebur da ita, ya tsaya a gaban Baba Ma, ya tambaye shi da Turanci, me nake yi? Dattijo ya yi murmushi mai cike da girmamawa, ya sunkuyar da kai. Ya tambayi na biyu, shi kuma ya kalli Baba Ma. Ya tambayi na uku, wannan ya kalli silin. Ya kwaikwayi direba da ɗan sanda shi kaɗai, yana tsalle daga wannan gefe zuwa wancan, har da jiniya da baki. Suka tafa masa a hankali, suka koma shiru. Madam ta duba agogo.

"Wannan shi ne ajin?" in ji Hansai da Hausa, tana kurɓar shayi. "Na je zaman makokin da ya fi shi hayaniya."

"Kin ce za ki zauna kamar amarya."

"Amaryar ma ai tana tari. Ka tabbata suna da harshe? Ko in duba su? Ina da tocila a jaka."

"Ki rufa min asiri."

"Zufa kake yi a cikin sanyin nan, ɗan Gwaggo. Goge, kada ta ɗiga min a shinkafa."

Madam ta sake duba agogo, ta fara tattara wayarta da makullai. Zulkiflu ya saci kallonta. Ya ga sito a gabansa, ya ji bayansa ya amsa tun kafin a kai can. Cikin ruɗewa ya sake cafkar jakar don ya nuna musu bambancin ja a hankali da fizga. Ya nuna na hankalin. Da ya zo fizgar, sai ya fizga da dukan baƙin cikin da ke ransa. Taya ta harɗe da ƙafar tebur, jaka ta kife, babbar doyar nan ta yi tsalle ta faɗi a kan tayil, ta rabe biyu.

"Doyata!"

Abin da ya biyo baya ba shiri Hansai ta yi ba, hannunta ne kawai ya tuna gida. Kafin ya ɗago ta iso, ta fizge hular kansa ta soke a hammata, ta kama kunnensa na dama ta murɗa, kamar yadda ta saba tun suna yara in ya zubar mata da tallan gyaɗa.

"Doyar da na zaɓa da hannuna! Ɗan mace, mai hannun ɓarna!"

"*No!*"

Gaba ɗaya aka waiwaya. Baba Ma ne a tsaye, gemunsa yana rawa, idanunsa sun fito.

"*No pull teacher!*"

Na biyun ya miƙe shi ma, ya nuna jaka, ya nuna kunne. "*Pull trolley, okay. Pull noodle, okay. Pull teacher ear, not okay!*"

Na ukun, wanda Zulkiflu ya ɗauka ko sunansa bai iya faɗa ba, ya shigo tsakani yana cewa ta mayar da hula, malami kamar uba yake, a garinsu ko inuwarsa ba a takawa. Da Turanci yake faɗa, gurgu-gurgu, amma Turanci ne. Madam Lan, wadda ta riga ta miƙe, ta koma ta zauna a hankali.

Zulkiflu yana duƙe, kunne a hannun mutane, ya ji daɗin da bai ji ba tun saukarsa ƙasar. Sai kuma ya ji yatsun Hansai sun fara sassautawa, don ita ma ihun ya ba ta tsoro.

"Kada ki saki," ya ce da ita ƙasa-ƙasa.

"Me?"

"Kunnen. Riƙe. Ƙara ja."

"Ka haukace ne?"

"Ba ki ji suna magana ba? Ja, don Allah!"

Hansai ta dubi masu girki, ta dubi Madam, ta dubi kunnen da ke hannunta. Nan take ta gane kasuwa ta buɗe mata. Murmushi ya bazu a fuskarta, irin wanda Zulkiflu ya sani kuma yake tsoro.

"Au, yanzu roƙona kake in ja? To ba na ja kyauta."

"Zan saya miki doya biyu."

"Riƙe doyarka. Faɗi abin nan."

"Wane abu?"

"Wanda ka ƙi faɗa tun muna Gwale. In ba haka ba in saki, in ba su haƙuri, kowa ya koma shirunsa."

Ta ɗan sassauta don ya ga da gaske take. Masu girki suka fara lafawa. Zulkiflu ya runtse ido, ya nemi gafarar duk wani ɗan mace na zuriyarsu, na raye da na mace.

"Ni bawanki ne."

"Ban ji ba, yayyafi ya toshe min kunne."

"Na ce ni bawanki ne, Hansai!"

Daɗi ya kwashe ta. Abin da ta jira tun tana 'yar ƙwailarta ya samu, kuma ba ta ga amfanin nasarar da babu shaidu ba. Ta ɗaga kunnen sama kamar ta ci kofi, ta juya ga jama'a, ta sanar da su da tsantsar Turancinta na asibiti:

"*You all heard him. He is my slave!*"

Wurin ya yi tsit. Ba irin shirun ɗazu ba, wannan mai nauyi ne. Madam Lan ta miƙe, ta ɗauki waya, ta maimaita kalmar *slave*, wato bawa, a hankali tana kallon Hansai. Baba Ma ya jawo Malam ya ɓoye shi a bayansa. Na biyun ya tare ƙofa da ludayin romo. Na ukun ya matso yana tambayar Zulkiflu cikin tausayi, ta ƙwace maka fasfo? Tana ba ka abinci? Shi ya sa ka rame? Shi ya sa kake jan kayanta? Baba Ma ya dafa kafaɗarsa ya ce, "*Teacher, you pull out today. We help.*"

Sai a lokacin Hansai ta tuna a wace ƙasa take. Ita da ake tara su a wajen aiki ana yi musu bita a kan yadda za su gane wanda ake bautarwa, ga ta da hular mutum a hammata, ta yi shela a gaban shaidu huɗu. Ta hango takardar aikinta tana tashi sama. Ta leƙa bayan Baba Ma.

"Zulƙi, yi musu bayani."

"Wane bayani? Ai kin gama bayani."

"Matar nan *police* za ta kira."

"Su zo. Ga kunne ya kumbura, ga hula a hannunki. Ko lauya ba na buƙata."

"Ɗan Gwaggona. Ɗan'uwana na kaina."

"Ɗazu bawa ne."

"Zulkiflu, ina da *shift* gobe!"

"Ki ce Malam."

"Malam."

"Malam na jami'a."

"Kai, wannan kam ko a gaban alƙali ba zan faɗa ba."

Dariya ta ƙwace masa, har ya dafa tebur saboda bayansa. Ganin wanda ake shirin ceto yana ƙyaƙyatawa ya sa Madam ta dakata da danna waya. Ya share hawaye, ya ce kowa ya zauna, ya shiga warware musu zare da abawa. Ya ce mahaifinta da mahaifiyarsa ciki ɗaya suka fito. Ya ce a garinsu 'ya'yan wa da 'ya'yan ƙanwa haka suke yi, su zagi juna, su ƙwace wa juna hula, babu mai fushi, kuma ranar da wani abu ya sami ɗaya, ɗayan ne zai fara isowa. Ya ce da ya kwanta ciwon baya, wannan matar ce ta riƙa ɗauko tuwo tun daga Thamesmead tana kawo masa, tana ajiyewa tana ce masa malalaci.

Tambayoyi suka ɓarke. Baba Ma yana son ya san ko shi ma Malam yana da damar jan kunnenta. Na biyun ya tambaya ko matar Malam ta sani. Na ukun ya ce shi ma yana da 'yar kawu a garinsu, amma in ya taɓa mata ɗankwali sai dai a kai shi asibiti, ya kuma ƙara da cewa ba lallai ya yi *pull through* ba. Suna yi suna tuntuɓe, Malam yana gyara musu, ba wanda ya damu da kuskure, don wanda aka ja wa kunne a gabanka ba ka jin kunyar yin kuskure a gabansa. Sai da mai kawo nama ya buga ƙofa sannan aka tuna lokacin buɗewa ya yi.

Madam Lan ta rako su bakin ƙofa da kanta, da robobi biyu na taliya mai zafi a leda. Ta ce wa Zulkiflu ya dawo Asabar mai zuwa, da ta bayanta, da duk waɗanda suka biyo. Sannan ta nuna Hansai ta ce, amma ya zo da wannan.

Suka fito lungu, yayyafi ya ɗauke. Zulkiflu ji yake kamar an sauke masa buhu daga ka. Bai yi taku uku da ledar ba Hansai ta warce ta daga hannunsa.

"Ɗaya tawa ce fa."

"Wa ya samo aikin? Kunnenka ko hannuna?"

"Saura ƙiris ki kwana a *cell*."

"Saura ƙiris ka kwana a sito. Kuma ka faɗa da bakinka, na ji, Allah ya ji, Sinawa sun ji."

"A ƙarƙashin tilas na faɗa, ba ta ɗauru ba."

"Yau da daddare zan sa a *group* ɗin gida."

"Ni kuma in sa yadda kika ce Malam, murya tana rawa."

Ta harare shi, ya harare ta. Ta zaro hular daga hammata, duk ta lanƙwashe, ta kifa masa a ka a karkace. Ya sunkuya zai kama hannun jakar, bayan ya ɗan riƙe shi, ya cije leɓe yana zaton ba ta gani ba. Ta buge masa hannu.

"Sakar min kayana. Ka fasa min doya, so kake ka ƙarasa manjan?"

"Ɗazu kika ce in ja da ladabi."

"Ɗazu ba ka da daraja. Yanzu kai dukiya ce, sai an lallaɓa ka." Ta buɗe jakar, ta ciro rabin doyar, babban ɓarin, ta ɗora masa a hannu, ta ɗora robar taliya ɗaya a kai. "Ungo. Ka ci ka yi ƙiba. Kuma ka shafa wa kunnen nan man zafi, ranar Asabar na hagu zan kama."

Zulkiflu ya tsaya a tsakiyar kasuwar Whitechapel, hula a karkace, rabin doya a ƙirji, yana dariya har mai kuɓewa ya leƙo.

"Na gode, ranki ya daɗe."

"Ƙara faɗa," in ji Hansai, ta ja jakarta ta yi gaba. "Wannan karon ba wanda ya riƙe maka kunne."